Tawada Ɗaya, Hukunci Biyu

A shekarar 1881 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila ya yada zango a Japan ɗauke da jikokin Sarauniya Victoria guda biyu. Ƙaramin cikinsu, Yarima George, shekararsa 16. Kafin jirgin ya tashi sai da yaron nan ya zauna gaban wani gwanin allura, aka zana masa dodon maciji na tatsuniyoyin Gabas a hannu, shuɗi da ja. Shi ne daga baya ya zama Sarki George na Biyar, wanda a zamaninsa, a 1914, aka haɗe Arewaci da Kudancin Najeriya aka ce mu zama ƙasa ɗaya. Bayan shekara goma da wannan ziyara, yariman Rasha mai jiran gado, Nicholas, shi ma ya sauka a Nagasaki aka yi masa nasa dodon.

A daidai lokacin da 'ya'yan sarakuna ke miƙa hannu, doka ta haramta wa Bajapane yin zanen tun 1872. Sabuwar gwamnatin ƙasar tana jin kunya kada Turawa su ga kafintoci da 'yan kwana-kwana da 'yan dako da zane tun daga wuya har cinya, su ce ƙasar ba ta waye ba. Aka hana talakan gida don a burge baƙo, baƙon kuma ya zo yana neman abin da kuɗinsa. Sai a 1948 aka janye dokar, amma kafin nan zanen ya riga ya koma hannun 'yan dabar da ake kira yakuza, kuma har gobe akwai wuraren wanka da na ninƙaya a Japan da ba a barin mai zane ya shiga.

Duk lokacin da aka ce duniya ta canza ra'ayi a kan tatu, wato irin wannan zanen jiki, ina ganin ya kamata a tambaya: a jikin wa? Ra'ayin ya canza, babu musu. Amma bai canza wa kowa daidai ba, kuma ba yau aka fara wannan bambanci ba.

Mu fara da abin da ya canza ɗin. A Turai da Amurka, shekara ɗari da suka wuce, zanen jiki alamar ma'aikacin jirgin ruwa ce, ko soja, ko tsohon fursuna, ko wanda ake nunawa a gidan kallo don kuɗi. Wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya fitar da littafi a 1876 yana iƙirarin cewa ana iya gane mai laifi daga siffarsa, ya kuma sa zanen jiki cikin alamomin. Fursunoni ya fi dubawa, ya tarar da zane a jikinsu, sai ya yanke hukunci. An daɗe da yin watsi da iliminsa, amma tunaninsa bai mutu ba, yana nan a kan 'yan sanda da yawa waɗanda ko sunansa ba su taɓa ji ba. Birnin New York, inda Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zanen na lantarki a 1891, ya haramta sana'ar ɗungurungum a 1961 bayan ɓullar ciwon hanta, bai halatta ta ba sai 1997. Jihar Oklahoma ce ta zo ƙarshe a Amurka, a 2006.

Yau kuwa, binciken da cibiyar Pew ta yi a 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da zane aƙalla ɗaya, kuma mata sun fi maza, kashi 38 da kashi 27. Mafi yawansu suka ce sun yi ne don tunawa da wani ko girmama shi: mahaifiyar da ta rasu, ɗan da aka haifa. Kamfanin Disney ya bar ma'aikatansa su bayyana zanensu a 2021, kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ya biyo baya a 2022, a wannan shekarar kuma rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sassauta, ta yarda da ƙaramin zane a hannu da bayan kunne da ƙeya. Kada a ɗauka tausayi ne ya kama su. A lokacin sojan na fama da ƙarancin masu shiga, kamfanoni na neman ma'aikata, kuma idan mutum ɗaya cikin uku yana da abu, wanda ya ce ba zai ɗauki mai shi aiki ba kansa ya cuta. Lissafi ya yi aikin da muhawara ta kasa. Sauran kuma 'yan ƙwallo da mawaƙa suka ƙarasa. Yaron da ya tashi yana kallon David Beckham da Lionel Messi ba zai taɓa haɗa zanen hannu da gidan yari a ransa ba.

Akwai inda canjin ya fi wannan nauyi. Ga 'yan ƙabilar Maori na New Zealand, zanen haɓa da fuska gado ne, yana faɗin asalin mutum da matsayinsa, kuma zuwan Turawa ya kusa kashe shi. A 2013 an hana wata Bamaoriya mai koyar da harshensu shiga wurin wanka a Hokkaido ta Japan saboda zanen haɓarta. Shekara bakwai bayan haka, a 2020, Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin wajen ƙasarta da irin wannan zane a haɓa, tana zama da shugabannin duniya ba tare da ta rufe komai ba. Wannan ba kwalliyar yayi ba ce, mutane ne suka karɓo abinsu da aka ce musu abin kunya ne.

To, sai ɗaya ɓangaren. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta kwashi 'yan Venezuela sama da 200 ta kai su wani ƙaton kurkuku a El Salvador, ba tare da an gurfanar da su gaban alƙali ba, bisa zargin cewa 'yan ƙungiyar dabar Tren de Aragua ne. Takardar da jami'an shige da fice suka yi aiki da ita tana ba da maki ne: idan mutum ya tara maki takwas, ya zama ɗan daba, zanen jiki kaɗai kuma yana kawo huɗu. A cikin waɗanda aka kwashe akwai tsohon ɗan ƙwallo mai zanen ƙwallo da kambi, wanda lauyarsa ta ce alamar ƙungiyar Real Madrid yake kwaikwayo. Akwai mai kambi biyu, ɗaya da kalmar uwa ɗaya da kalmar uba. Masu binciken da suka daɗe suna bin ƙungiyar sun ce ita ba ta ma amfani da zane wajen tantance 'ya'yanta. Wata huɗu mutanen nan suka yi a kulle kafin a mayar da su ƙasarsu a musayar fursunoni. Ƙasar da ta buɗe wa mai zane ƙofar barikin soja ita ce ta ɗauki irin wannan zane a jikin baƙon haure ta ce shaida ce.

Ba na musun cewa akwai 'yan daba masu zane. 'Yan MS-13 da Barrio 18 na El Salvador sun yi zamani suna rubuta sunan ƙungiya a goshi. Amma tun da gwamnati ta fara kama mutane da wannan alama a 2003, shugabanninsu suka hana sababbin shiga yin zane a inda ido ke gani. Ɓarawo ya fi ɗan sanda saurin koyon darasi. Wanda ya rage da zane a fili sau da yawa shi ne wanda ba shi da abin ɓoyewa, ko wanda ya tuba ya bar harkar amma fatarsa ta ƙi mantawa. Kama da wane ba ta wane.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan. Cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020 har da yadda 'yan sanda ke tare saurayi a hanya don an ga zane a hannunsa, ko dadar gashi a kansa, ko waya mai tsada a aljihunsa, a ce ɗan damfara ne ko ɗan ƙungiyar asiri. A lokaci guda kuma manyan mawaƙanmu irin su Davido da Wizkid da Burna Boy jikinsu duk zane ne, gwamnoni na gayyatarsu, bankuna da kamfanonin waya na biyansu don su yi musu talla. Ɗan sandan da zai nemi hoto da mawaƙin shi ne zai sa yaron da ya kwaikwayi mawaƙin tsallen kwaɗo a bakin titi. Ko a Amurka binciken Pew ɗin nan ya nuna masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali yin zane, kashi 43 da kashi 21. Wato waɗanda suka fi ɗaukar alamar su ne waɗanda ba su da lauyan da zai kare su idan aka karanta ta a karkace.

A ƙasar Hausa lamarin yana da wata fuska da ba kasafai ake kawo ta ba idan ana wannan magana. Mu mutanen tsaga ne. Ranar suna wanzami kan zo da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, ya cire beli, in gidan masu tsaga ne ya yi masa ta gado. Da ka ga Bagobiri ka san shi tun kafin ya buɗe baki, haka Bakabe, haka Babarbare da tsagarsa ta tsaye. Tsaga ta faɗi garinku, ta faɗi wanda zai ja ka da wasan taubasantaka a kasuwar da ba ka san kowa ba, a zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi kuma tana iya zama dalilin da danginka za su gane ka bayan shekaru. Ban da ta gado akwai ta magani, akwai kuma ta ado zalla, jarfa da shasshawa da 'yan mata kan je a yi musu, a shafa baƙi a wurin don ya zauna. Matan Fulani da yawa sukan baƙanta leɓe da kewayen baki da allura. In aka cire injin lantarki da tawadar kanti, aikin ɗaya ne da wanda ake yi a shagon tatu na Legas: a huda fata, a sa launi, ya zauna har kabari. Ko gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya mutu sama da shekara 5,000 da suka wuce, an ƙirga zane 61 a jikinsa, galibi a gaɓoɓi da ƙugu inda alamu suka nuna yana fama da ciwo. Duk wanzamin da aka nuna wa hoton zai ce tsagar magani ce.

Cikin ƙarni ɗaya muka juya wa wannan baya. Wa'azi ya yi nasa, boko ya yi nasa, asibiti ya yi nasa, zaman birni ya ƙarasa. Ƙasar da Olusegun Obasanjo da Sani Abacha suka mulka da tsagarsu a fuska ita ce yau yaro mai tsaga ke dawowa daga makaranta da kuka, an ce masa kyanwa ce ta yakushe shi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta haramta yi wa yaro tsaga ko zane, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ko ɗaurin wata ɗaya. Haka abin yake a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, inda zanen goshi da haɓa na matan Amazigh ya rage sai a fuskar tsofaffi, wasunsu ma suna neman gafara a kansa. A daidai shekarun da Bature ke fito da zanensa daga ƙarƙashin riga, mu muna neman man da zai ɓatar da namu.

Ban yi baƙin cikin mutuwar tsagar jarirai ba. Jariri ba a shawarce shi ba, aska ɗaya kuma takan bi yara da yawa. Abin da nake so a lura da shi shi ne cewa kakar da ke da jarfa a wuya, mai tsaron salla da azumi, ba wanda ya taɓa cewa zanenta shaidar lalacewa ce. An san zamaninta ne ya zo da haka. Jikanta da ya dawo daga Legas ko Kwatano da sunanta a rubuce a damtse, shi kuwa an gama yanke masa hukunci tun daga tasha: ɗan shaye-shaye ne, ba a ba shi aure, ba a ba shi ajiya. Akwai bambanci na gaske tsakaninsu, ban ƙi ba. Ita an yi mata ne don a ce ta wane gida ce, shi ya yi wa kansa ne don ya ce shi wane ne, al'ummar da ta ginu a kan gida da dangi kuwa dole ta ji wani iri da wanda ya zaɓa wa kansa alama. Amma jin wani iri daban, tuhuma daban.

Na san inda mai karatu zai tare ni, kuma ba zan kauce ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin zanen da wadda ta nemi a yi mata, kuma a kan haramcin jumhurun malaman Sunna suka tafi. Kiristoci masu ƙin abin su ma suna kafa hujja da Littafin Firistoci sura 19 aya 28, ko da yake Kibɗawan Masar sun yi ƙarnuka suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu don shaidar addininsu. Ni ba zan yi tatu ba, ɗana ma in ya nemi shawarata zan hana shi. Sai dai malaman da suka faɗi haramcin su ne kuma suka yi bayani cewa wanda ya tuba, idan cire zanen zai cutar da shi, ba a tilasta masa, tubarsa ta isa. Ba su ce a kore shi daga sahu ba, ba su ce shaidar sata ce ba. Mu ne muka ƙara wannan. Kuma mun ƙara ne don zunubin a fili yake. Mai cin riba da mai tauye mudu da wanda ya cinye gadon marayu ba su da alama a fata, don haka muna ba su sahun gaba da 'ya'yanmu mata. Laifi tudu ne.

Ga samari kuma, akwai abin da mai shagon ba zai tsaya ya faɗa muku ba. Allurar tana ratsa fatar sama ne ta ajiye tawada a ta ƙasa, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan taso su haɗiye tawadar a matsayin baƙuwa, su kasa narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. In sun mutu wasu su gada. Abin da ya sa ba ya fita ke nan. Cirewa da na'urar leza na buƙatar zuwa sau da yawa, da tazarar makonni, da zafi, kuma kuɗinsa ya ninka na yin zanen. A baƙar fata abin ya fi wuya, domin hasken na iya cin launin fatar kanta ya bar fari, ga kuma masu jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurkawa masu zane sun shaida wa Pew cewa sun yi nadamar aƙalla guda, su da ke zaune inda abin ya zama ruwan dare. A nan kuwa sanarwar ɗaukar sababbin sojoji takan faɗa ƙarara cewa mai zane kada ya nema. Yaro ɗan shekara 18 da ya rubuta sunan budurwa a wuya ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun bai san zai buƙace ta ba, budurwar kuma wataƙila tana ɗakin wani. Ra'ayin jama'a na iya sake juyawa, kamar yadda ya juya wa tsaga. A Sin ma hukumar wasanni ta hana 'yan ƙwallon ƙasar yin sabon zane a 2021, ta ce masu shi su rufe ko su cire.

'Yan'uwa mata da ke cewa su lalle kawai suke yi, su ma da sauran magana. Jan lalle na ganye lafiya lau ne. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis ɗin gashi don ya kama da wuri, shi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuna ta tashi, zanen amarya na mako biyu ya zama tabon shekaru.

Inda ya kamata hukuma ta sa ido shi ne allura da tawada. Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadarai a tawadar zane tun Janairun 2022. Haramcin New York na shekara 36 bai kashe sana'ar ba, ya mayar da ita ɗakunan ɓoye ne inda ba mai duba tsafta, shi ya sa da aka dawo aka dawo da lasisi da horon kiwon lafiya. Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar: tun 1992 kotun ƙolinta ta ce likita kaɗai ke da ikon yin zanen, dubban masu sana'ar suka ci gaba da aiki a ɓoye, har sai da majalisar ƙasar ta zartar da dokar ba su lasisi a 2025. Kotun ƙolin Japan ita ma ta yanke a 2020 cewa mai zane ba ya buƙatar shaidar likita.

Mu da ke da miliyoyin masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, galibinsu ba su ma sani ba, muna da injin da ake saye ta intanet da kuɗi kaɗan, da yaro a ɗakin kwanan ɗalibai yana bin abokansa ɗaya bayan ɗaya da allura guda. Tsangwama ba ta hana shi ba, ta dai sa shi kulle ƙofa. Ma'aikatun lafiya na jihohi sun san yadda aka bi aka shawo kan wanzamai da masu aski suka koma sabuwar reza ga kowane kai lokacin yaƙi da cutar ƙanjamau: an zauna da sarakunan aska, an yi bayani, masu zuwa aski kuma suka fara tambaya. Masu injin tatu ba su kai wanzamai yawa ba, yawancinsu kuma suna tallar aikinsu da lambar waya a Instagram.